Yadda ake juya mg/L zuwa µg/L, ppm zuwa ppb, kafin takardar lab ta ruɗe ka

Bara da azumi kawuna ya turo min hoton wata takarda ta WhatsApp, sakamakon gwajin ruwan burtsatsen da ya haƙa a gidansa ne, ya biyo da saƙon murya yana cewa "ɗana duba min wannan, amma ni dai na ga alhamdulillahi, na ji an ce iyakar dalma a ruwan sha goma ce, namu kuwa ko ɗaya bai kai ba." Na buɗe hoton na ƙara masa girma, a layin dalma an rubuta Pb sai 0.08, can sama a kan layin kuma da ƙananan baƙaƙe an sa mg/L. Wallahi gabana ya faɗi, don gidan nan jikoki ne fal kuma da ruwan nan ake dama musu koko. Goman da Kawu ya ji gaskiya ce, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha 10, amma maikirogiram 10 a lita, shi kuma takardarsa da miligiram take magana. 0.08 mg/L ɗin nan in ka juya shi 80 µg/L ne, wato ya ninka iyakar har sau takwas. Mutum mai ilimi fa, tsohon malamin makaranta, harafi ɗaya tak ya shige masa duhu.

Na yi shekaru ina aikin gwajin ruwa kuma irin wannan kuskuren na gan shi wajen masu gidan ruwan leda, na gan shi wajen ɗalibai masu rubuta furojet, na gan shi har wajen ma'aikatan lafiya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake lissafin dalla-dalla, ba wuya gare shi ba, kawai dai ba a koya mana shi da harshen da zai zauna ba ne.

Mu fara da tsanin nauyi. Giram ɗaya miligiram dubu ne. Miligiram ɗaya maikirogiram dubu ne. Maikirogiram ɗaya nanogiram dubu ne. Nanogiram ɗaya kuma pikogiram dubu, amma shi wannan da wuya ka ci karo da shi sai a takardun bincike. A rubuce g, mg, µg, ng, pg. Kowane mataki dubu ne, ba ɗari ba ba goma ba. In kana sauka daga babba zuwa ƙarami ka ninka da 1,000, in kana hawa daga ƙarami zuwa babba ka raba da 1,000, kuma tunda dubu sifili uku gare shi, abin da kake yi a zahiri shi ne matsar da ɗigo gida uku. Sauka, ɗigo ya yi dama. Hawa, ɗigo ya yi hagu. 0.08 mg/L, matsa ɗigo gida uku dama, ka samu 80 µg/L. 3 µg/L, matsa gida uku hagu, ka samu 0.003 mg/L, wannan kuwa ita ce iyakar kadmiyam, wani ƙarfe mai guba, a ruwan sha. In ka rikice wane gefe za ka matsa, ka tuna da naira da kobo, kuɗi ɗaya ne amma in ka faɗe shi da kobo lambar sai ta fi girma, to haka ma in ka koma ƙaramin ma'auni dole lambar ta ƙaru, in ka ga ta ragu ka san ka juya baya.

Lambobin nan ba sa shiga kai sai an ga girmansu da ido, ni ga yadda nake nuna wa mutane. Ƙwayar farasitamol ɗaya maganin da ke cikinta miligiram 500 ne, guda biyu giram ɗaya ke nan. Ɗauki tankin roba na lita 1,000 irin wanda ake ɗorawa a saman gida, ka narka giram ɗayan nan a ciki, kowace lita ta samu miligiram ɗaya, shi ne 1 mg/L. To iyakar dalma kashi ɗaya cikin ɗari ne na wannan. Ma'ana nauyin ƙwaya ɗaya tak, miligiram 500, in dalma ce ta isa ta kai tanki hamsin bakin iyaka, lita 50,000, kusan tankar mai ɗaya da rabi irin mai cin lita 33,000. Jarka ta mai ga-ruwa mai lita 25 kuwa abin da aka yarda ya kasance a cikinta gaba ɗaya maikirogiram 250 ne, rubu'in miligiram, abin da ko a tafin hannunka aka sa ba lallai ka lura da shi ba. Shi ya sa ruwan zai fito garau, ba wari ba ɗanɗano, ka sha ka yi hamdala alhali yana cin yara a hankali.

Sai ppm da ppb da ppt, waɗanda su ne suka fi yawo a bakin mutane. Ppm kashi ɗaya cikin miliyan, ppb kashi ɗaya cikin biliyan, ppt kashi ɗaya cikin tiriliyan. Su ma tsakaninsu dubu-dubu ne, 1 ppm daidai yake da 1,000 ppb, 1 ppb daidai yake da 1,000 ppt. A ruwan sha kana iya ɗauka kai tsaye cewa ppm shi ne mg/L, ppb shi ne µg/L, ppt shi ne ng/L. Amma ina so ka san dalili, don in ba ka san dalilin ba za ka ɗauke shi ka kai inda ba ya aiki. Dalilin shi ne lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kilo ɗaya kuma miligiram miliyan ne, to miligiram ɗaya cikin lita ya zama ɗaya cikin miliyan. Albarkacin ruwa ne kawai aka ci. Man gyaɗa lita ɗaya ba ta kai kilo ba, wajen giram 910 take, zuma kuwa lita ɗaya ta kai kilo ɗaya da giram 400 haka, don haka in an ba ka sakamakon zuma a mg/L kana son mg/kg sai ka raba da 1.4, in na mai ne ka raba da 0.91. Misali 7 mg/L a zuma 5 mg/kg ne, shi ne 5 ppm ɗin gaskiya.

Ita ppt ɗin nan a yi hattara da ita, fuska biyu gare ta. Masu auna gishirin ruwa da masu kiwon kifi suna rubuta ppt suna nufin kashi ɗaya cikin dubu, ruwan teku alal misali wajen 35 ppt yake a wannan ma'anar, wato giram 35 a kilo. Masu binciken guba kuma in suka ce ppt tiriliyan suke nufi, kamar yadda a 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar wasu sinadarai biyu, PFOA da PFOS, nanogiram 4 a lita, wato 4 ppt. Tazarar da ke tsakanin ma'anoni biyun nan ninki biliyan ne, to in ka ga ppt a takarda ba tare da bayani ba, ka ɗaga waya ka tambayi wanda ya rubuta, kar ka yi hasashe.

Ga wata dabara da take rage wahala sosai. Kowane ma'auni irin wannan hawa biyu ne, na sama nauyin gubar, na ƙasa yawan abin da take ciki. In na sama da na ƙasa suka sauka tare da mataki iri ɗaya, lambar ba ta canzawa. Shi ya sa mg/L da µg/mL abu ɗaya ne, don miligiram ya sauka dubu ya zama maikirogiram, lita ma ta sauka dubu ta zama mililita. Haka µg/L da ng/mL ɗaya ne. Haka mg/kg da µg/g ɗaya ne, dukansu ppm. µg/kg da ng/g su ma ɗaya, dukansu ppb. Na sha ganin ɗalibi ya ninka da dubu a nan ya lalata teburinsa gaba ɗaya alhali ba abin da ake buƙata ya taɓa. Ka'idar ita ce ka yi na sama shi kaɗai, sannan ka yi na ƙasa shi kaɗai, kar ka haɗa su a ka lokaci ɗaya. In na ƙasa ya ƙaru, misali daga mililita zuwa lita, lambar ma ƙaruwa za ta yi, don abin da ke cikin lita ya fi abin da ke cikin mililita yawa.

Yanzu inda tsanin dubu-dubu yake karyewa, kuma nan ne na fi so a tsaya a nutsu, wato gwajin jini. Dalma a jini ana rubuta ta da µg/dL, maikirogiram a desilita. Desilita kashi ɗaya cikin goma na lita ce, mililita 100, kamar ɗan ƙaramin kofin shayi. To daga µg/dL zuwa µg/L da goma ake ninkawa, goma kawai. 5 µg/dL shi ne 50 µg/L. 45 µg/dL shi ne 450 µg/L, ko 0.45 mg/L. Mu nan arewa ba baƙin wannan ma'aunin ba ne tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da aka gano yara suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Yargalma da Bagega, saboda ana kawo duwatsun zinare cikin gida ana niƙawa, ƙurar kuma cike take da dalma, yara na rarrafe a kai suna kai hannu baki. Sama da yara 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF da ta shiga aikin tana amfani da 45 µg/dL a matsayin inda ake fara ba yaro maganin da ke janye dalma daga jiki, kuma ƙaramar na'urar da ake gwaji da ita a ƙauye iyakar abin da take iya karantawa 65 µg/dL ne, yara da yawa jininsu ya wuce abin da na'urar za ta iya nunawa. A 2015 an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Ka kwatanta da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, wadda a 2012 ta sa 5 µg/dL a matsayin inda za a fara damuwa da yaro, a 2021 ta sake rage shi zuwa 3.5, kuma masana sun yi ittifaƙi babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce lafiya lau ne.

To ka ga in uba ya karɓi takarda an rubuta 60 ba tare da ya duba ma'auni ba, 60 µg/L shi ne 6 µg/dL, abin a bincika gida a nemo daga ina take shigowa ne, amma 60 µg/dL maganar asibiti ce yau ba gobe ba. Kuma wannan ba labarin ƙanzon kurege ba ne ga mutanen kan iyaka, don tsarin Faransa da µg/L ake rubuta dalmar jini, iyakarsu ta yara 50 µg/L, wanda ya yi gwaji a ɓangaren Nijar inda ake aiki da Faransanci ya kawo wa likita a Katsina ko Sakkwato dole a kula da wannan goman. Wasu ƙasashen kuma irin su Ingila suna haɗawa da µmol/L, maikiromol a lita, wanda ƙidayar ƙwayoyin sinadarin ne ba nauyinsu ba. Ga dalma lambar da za ka riƙe 20.7 ce, ka ninka µmol/L da 20.7 ka samu µg/dL, ka raba µg/dL da 20.7 ka koma. 0.24 µmol/L kusan 5 µg/dL ke nan. Amma fa 20.7 ɗin nan ta dalma ce ita kaɗai, ta fito ne daga nauyin ƙwayar zarrarta wanda yake 207.2, kowane sinadari da tasa lambar, kar ka ɗauka ka yi wa arsenik ko makuri aiki da ita.

Tunda na taɓo Nijar bari in ƙarasa, akwai wani abu da yake rikita 'yan Najeriya a takardun da aka rubuta da Faransanci, su waƙafi suke sawa inda mu muke sa ɗigo. 0,01 mg/L a takardar Yamai ko Maraɗi shi ne 0.01 namu. Wannan da sauƙi, matsalar tana zuwa ne a irin 1,500. Ɗan Kano zai karanta dubu ɗaya da ɗari biyar, ɗan Damagaram zai karanta ɗaya da rabi. Kuma abin mamaki iyakar fulorayid, sinadarin nan da ake sawa a man goge baki, a ruwan sha 1.5 mg/L ce, wato 1,500 µg/L, ka ga lambar iri ɗaya tana iya zama daidai ta hanya biyu ko kuskure ta hanya biyu, ya danganta da ma'aunin da ke gefenta. Fulorayid ba abin wasa ba ne a yankinmu, mutanen Tibiri kusa da Maraɗi sun ga yadda ruwan burtsatse mai fulorayid da yawa ya ɓata haƙoran yara ya lanƙwasa musu ƙasusuwa. Man goge baki na manya yawanci wajen 1,450 ppm na fulorayid gare shi, kusan ninki dubu na iyakar ruwan sha, shi ya sa ake tofarwa ba a haɗiyewa, kuma ake sa wa yaro ɗan kaɗan.

Wannan ya kawo mu ga kashi cikin ɗari. 1% daidai yake da 10,000 ppm, sifili huɗu, nan ma ba dubu ba. Daga % zuwa ppm ɗigo gida huɗu dama, daga ppm zuwa % gida huɗu hagu, 1,450 ppm ya zama 0.145%. Inda wannan ya fi amfani shi ne wajen sa kulorin a tanki lokacin kwalara. Ka ce kana da ruwan kulorin da aka haɗa 1%, wato 10,000 mg/L, kana so tankinka mai lita 1,000 ya samu 2 mg/L. Abin da tankin yake buƙata gaba ɗaya 2 sau 1,000, miligiram 2,000. Kowace lita ta haɗin naka tana da miligiram 10,000, to 2,000 raba 10,000 ya ba ka lita 0.2, mililita 200. Bayan minti talatin sai a auna abin da ya rage a ruwan, ana so a samu tsakanin 0.2 da 0.5 mg/L, don ruwa mai datti yana cinye kulorin, lissafin takarda shi kaɗai ba ya wadatarwa. Ƙurar ƙasar Zamfara ma in ka juya ta haka sai ka fi jin nauyin abin, an samu wuraren da dalma ta haura 100,000 ppm, wato kashi 10 cikin ɗari na ƙasar dalma ce, alhali ma'aunin da Amurka take amfani da shi a lokacin na wurin wasan yara 400 ppm ne, 0.04%.

'Yan kasuwar hatsi ku matso, naku ne yanzu. A busasshen kaya babu lita, kilo ake bi, mg/kg shi ne ppm, µg/kg shi ne ppb, kuma a nan babu wani sharaɗin nauyin ruwa, daidai yake cif. Afulatoksin, gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa da masara in ba su bushe da kyau ba, da µg/kg ake auna ta. Tarayyar Turai ga gyaɗar da za a ci kai tsaye ta sa 4 µg/kg jimilla, nau'in B1 shi kaɗai kuma 2 µg/kg, Amurka ta sa 20 ppb. In lab ya ba ka 0.012 mg/kg kar ka yi murna don ka ga sifili a gaba, matsa ɗigo gida uku, 12 µg/kg ne, ya shiga Amurka amma ya ninka na Turai sau uku. In kana so ka ji ƙanƙantar abin, buhu mai kilo 100 a kan 4 µg/kg gubar da ke cikinsa duka maikirogiram 400 ce, 0.4 mg, ko kashi ɗaya cikin dubu na ƙwayar farasitamol ɗin nan bai kai ba. Wake kuma kowa a Dawanau ya san labarin, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar dikulobos, maganin ƙwarin da ke cikin fiya-fiya da mutane ke zubawa a buhu don kashe ƙwaro. Iyakarsu 0.01 mg/kg ce, wato 10 ppb, an kuma samu kayan da ya kai 4.6 mg/kg, raba 4.6 da 0.01 ka ga ninki 460. Ni abin da yake damuna ma ba kwantenar da aka dawo da ita ba ce, wanda bai fita ba fa, mu muke yin ƙosai da alale da shi.

Akwai kuma wani tarko a gwajin naitiret, wanda yake yawa a rijiyoyin da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba taki sosai, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Iyakar 50 mg/L ce in an auna shi a matsayin NO3, wato naitiret ɗin gaba ɗayansa, amma wasu lab suna rubuta NO3-N, ma'ana naitirojin ɗin da ke ciki kawai suka ƙirga, a nan iyakar wajen 11 mg/L ce. Ma'aunin iri ɗaya, mg/L da mg/L, amma abin da aka auna daban. Ka ninka NO3-N da 4.43 ka samu NO3. Wanda aka ba shi 20 a NO3-N ya kwatanta da 50 zai ce ya tsira, alhali nasa kusan 89 ne.

Iska ita ce ta fi taurin kai, kuma a nan ne nake roƙon mutane su manta da zancen ppm shi ne mg/L. A iska ana amfani da µg/m³ ko mg/m³, m³ kuma, wato cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, lita 1,000 ce, girman tankin nan dai. Ƙurar hunturu da manhajojin waya suke nunawa da sunan PM2.5 da µg/m³ ake faɗinta, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa 15 µg/m³ a matsakaicin yini, 5 a matsakaicin shekara, kuma ita ƙura ba a juya ta zuwa ppm sam, duk wanda ya ba ka PM2.5 a ppm ya yi kuskure. Gas ne ake juyawa, shi ma ppm ɗinsa na fili ne ba na nauyi ba, wato kashi nawa na sararin iskar ya cinye. Lissafin shi ne ka ninka ppm da nauyin mol na gas ɗin, wato lambar nauyin ƙwayar sinadarinsa, ka raba da 24.45, ka samu mg/m³. Ɗauki kabon monoksayid, hayaƙin janareta da na gawayi da yake kashe iyali guda cikin dare in an rufe ɗaki, nauyinsa 28 ne, to 35 ppm sau 28 raba 24.45 ya ba ka wajen 40 mg/m³. In za ka koma baya ka ninka mg/m³ da 24.45 ka raba da 28. Ita 24.45 ɗin an gina ta ne a kan zafin digiri 25 a daidai matakin teku, a zafin Sakkwato na watan Afirilu mai digiri 40 lambar ta kai wajen 25.7, a tudun Jos ma tana canzawa, amma ga lissafin yau da kullum ta wadatar. Tsakanin ppb da µg/m³ ma lissafin ɗaya ne, don duka biyun sun sauka dubu tare.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa da suke kayar da mutum. Harafin µ ɗin nan na Girkanci ba kowane kibod ke da shi ba, sai ka ga an rubuta ug, a asibiti da kwalin magani kuma mcg, duka maikirogiram ne. Wani lokacin in aka canza salon rubutu a kwamfuta µ ɗin sai ya koma m, µg ya zama mg, takarda ta fito da kuskuren ninki dubu ba wanda ya lura, rubutun hannu ma haka yake yi in likita ya yi sauri. Don haka in lamba ta yi maka kama da ƙarya, kamar a ce ruwan famfo yana da dalma 15 mg/L, ka fara zargin harafin tukuna. Excel da kalkuleta kuma suna nuna 8E-2 ko 1.5E-3, wannan E ɗin da alamar ragi yana nufin matsa ɗigo hagu gida kaza, 8E-2 shi ne 0.08, 1.5E-3 shi ne 0.0015.

Sai ND ko BDL ko alamar < a gaban lamba, wato ba a gano ba. Mutane suna karanta shi a matsayin babu, kuma ba haka yake nufi ba, yana nufin na'urarsu ba ta gani ba. Ka nemi a faɗa maka mafi ƙarancin abin da na'urar take iya gani, ka juya shi zuwa ma'aunin iyakar. In an rubuta <0.05 mg/L a layin dalma, wannan ƙasa da 50 µg/L ke nan, iyaka kuma 10 ce, to ruwanka zai iya zama 40 takardar ta ce ba a gano ba, kuɗin gwajin ya tafi a banza. Gwajin da zai yi maka amfani sai wanda yake gani ƙasa da iyakar sosai, kamar <0.001 mg/L. Ni dai duk takardar da ta zo hannuna abin da nake yi kullum shi ne in ɗauki biro in rubuta sakamakon da iyakar a layi ɗaya, in juya su duka zuwa µg/L ko µg/kg don lambobin su zama cikakku ba sifilai a gaba, sannan in raba sakamakon da iyakar, in ya haura ɗaya an wuce. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar da mg/L take rubuta nata, dalma 0.01, arsenik 0.01, to ka fara juya su zuwa 10 da 10 kafin ka ɗora naka a gefe.

Kawu na kira shi a daren nan bayan tarawihi na ce "Kawu don Allah daga yau a daina ba yara ruwan nan, a sayi na sha tukuna, kuma kar a ce za a tafasa, tafasawa ba ta cire dalma sai ma ta ƙara mata kauri in ruwan ya ƙone." Ya yi shiru sannan ya ce "to ɗana, sifilin da na gani fa?" Na ce ya ɗauko biro, muka matsar da ɗigon tare gida uku yana ƙirgawa da baki, ya ce "tamanin", ya sake cewa "tamanin, inna lillahi." Na sa aka sake ɗibar samfur biyu a sababbin robobi, ɗaya daga bakin burtsatsen kai tsaye bayan an bar shi ya zuba na ɗan lokaci, ɗaya daga famfon kicin da sassafe kafin kowa ya buɗe, don a gane daga ƙasa take fitowa ko daga tsofaffin bututu da kan famfo, aka kai wani lab daban, kuma na ce wa ɗansa ya tsaya a kansu su rubuta ma'aunin a gefen kowace lamba da mafi ƙarancin abin da na'urarsu ke gani. Jikokin guda huɗu 'yan ƙasa da shekara shida kuma aka kai su gwajin jini a satin.